"Cire shi kawai, Oga": Abin da ke biyo bayan tsige sansar zafin mai daga inji

Ranar Asabar da ta wuce na raka wani abokina gareji. Golf ce da shi mai shan dizal, wadda ya kashe wa kuɗi ba kaɗan ba: ya canza salansa, ya sa an taɓa kwamfutar motar don ta ƙara gudu. Matsalar ita ce tun bayan aikin fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, kuma idan ya kashe motar da rana tsaka sai ta yi ta gardama kafin ta tashi. Da aka jona na'urar bincike, lambar da ta fito ita ce P0183. Ashe wancan bakaniken da ya yi aikin farko ya zare wayar sansar zafin mai, wai "ba ta da wani amfani".

Tana da shi kuwa. Mai yana kumbura idan ya ɗau zafi. Fetur kan ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10, dizal kuma ƙasa da haka kaɗan. Ma'ana, lita ɗaya ta mai zafi ba ta kai lita ɗaya ta mai sanyi nauyi ba. Ita kuwa kwamfutar mota, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, nauyin man da zai ƙone take lissafawa, alhali nozul da cika yake fesawa. Wannan 'yar sansa ce ke gaya mata zafin man domin ta daidaita. Idan aka cire ta, kwamfutar sai ta koma kan wani adadi da kamfani ya ajiye mata na ko-ta-kwana, ta riƙa aiki da shi safe da rana. To ka duba garuruwanmu, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, ga cunkoso, ga man da ke zagayawa ta jikin inji yana komawa tanki da ɗumi. Zato ne kawai take yi.

A motar da ba a taɓa ba, wataƙila bambancin ba zai wuce ɗan ƙarin shan mai da rashin daidaiton sulo ba. Amma injin da aka ƙara wa ƙarfi an riga an cinye rarar da kamfani ya bar masa, don haka ƙaramin kuskure a lissafi yana fitowa fili. Akwai ma masu dabarar saka 'yar rezista a gurbin sansar, su yaudari kwamfuta ta ɗauka man ya yi zafi sosai, sai ta ƙara fesawa. Motar takan ɗan ƙara kuzari, gaskiya ne. Sai dai dizal ɗin da bai samu isasshiyar iska ba baƙin hayaƙi yake zama, ya kuma ƙara zafin da ke dukan tobo da fistin. Da tsadar man nan, ban ga wayo a ƙona kuɗi ta salansa ba.

Ba kowace mota ke da wannan sansa ba, kuma aikinta ya bambanta. A Nissan 300ZX ta 1990 zuwa 1996, misali, babban amfaninta shi ne taimaka wa inji ya tashi yana da zafi, lokacin da fetur ke neman zama tururi a bututu. Kada kuma a haɗa ta da sansar zafin ruwan inji. Wannan daban ce, kuma cire ta ya fi ɓarna.

Abin da ya fi damuna shi ne fitilar. Abokina ya yi wata biyu yana kallonta har ta zame masa ado. Da wata matsala ta gaske ta taso a tsakani, babu yadda za a yi ya sani, tunda fitilar da za ta faɗa masa tana kunne tun tuni.

Dattijon bakaniken da muka je wurinsa bai yi dogon bayani ba. Ya mayar da wayar, ya goge lambar, ya ce, "Yaro, je ka zaga gari ka dawo." Muka zaga, muka kashe ta a rana na minti goma, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi.