Abin da ya kamata ku sani kafin ku ba wani kyautar fure

A ƙasar Hausa, idan za a je gaisuwa ko taya murna, goro ko turare ko tufafi aka saba kaiwa. A ƙasashe da yawa kuwa fure ake riƙewa, kuma wanda aka ba shi yana karanta saƙo a cikinsa. Idan karatu ko kasuwanci ko neman magani ya kai ku can, kuna bukatar sanin wannan saƙo.

Wa ya ba furanni ma'ana?

Mutane ne suka ba su, kuma kowace al'umma da tata. A Turai abin ya bunƙasa a ƙarni na 19. A 1819 aka buga wani littafi a Faransa mai bayyana abin da kowane fure ke nufi, sannan irinsa suka yawaita a Ingila da Amurka. Zamani ne da saurayi ke jin nauyin furta abin da ke ransa, sai ya bar fure ya yi masa magana. Yawancin waɗannan ma'anoni an manta da su, amma kaɗan da suka rage suna da ƙarfi har yau.

Me launi ke nufi?

Ku ɗauki furen wardi, wanda ake kira ros. Jan wardi soyayya yake nufi, shi ya sa ake rububinsa ranar masoya, 14 ga Fabrairu. Kada ku kai wa malamarku ko matar mai masaukinku, domin za a yi muku wata fassara. Rawaya abota ce a Ingila da Amurka. Fari yana nuna tsarki, ana ganinsa a bikin aure da kuma wajen jana'iza.

Ma'anar ɗaya ce a ko'ina?

A'a, kuma a nan baƙo ya fi yin tuntuɓe. Akwai wani fure mai cika da kyan gani da ake kira kirisantimom. A Faransa shi ake kaiwa makabarta ranar 1 ga Nuwamba don tunawa da mamata, haka ma a Italiya a farkon wannan wata. Idan kuka kai shi gidan da aka gayyace ku cin abinci, kun kawo musu alamar mutuwa. A Sin da Japan ma farinsa na makoki ne, duk da cewa a Japan hotonsa ne tambarin gidan sarauta. Furen rawaya da Ba'amurke ke ba abokinsa, a Rasha da yawa suna ɗaukarsa alamar rabuwa.

Har yawan furannin ana ƙirgawa. A Rasha da Yukiren, mai rai ana ba shi uku ko biyar ko bakwai. Adadin da ke rabuwa biyu daidai, kamar huɗu ko shida, na kabari ne. A Japan kuma ba a kai wa majinyaci fure a cikin tukunyar shuka, domin saiwarsa na nuna cewa ciwon zai zaunar da shi.

Wasu furannin kuma suna da ranarsu. A Italiya ana ba mata furen mimosa mai ruwan ɗorawa ranar 8 ga Maris. A Koriya ta Kudu 'ya'ya suna ba iyayensu jan kaneshan ranar 8 ga Mayu.

Fure yana da tsada?

Ɗanyen fure ba ya wuce 'yan kwanaki, kuma sau da yawa daga nesa yake zuwa. Wardi mai yawa da ake sayarwa a Turai a Kenya ake nomansa, musamman kusa da tafkin Naivasha, sannan a ɗauko shi a jirgin sama cikin sanyi. Kuɗin wannan ɗawainiya yana kan mai saye, kuma farashi na tashi idan ranar masoya ta matso. A ganina, ƙaramin ƙunshi da ya dace da al'adar wurin ya fi babban dami da aka zaɓa da ka.

To, idan ban san al'adar wurin ba fa?

Ku tambayi mai shagon fure, domin aikinsa ke nan. Ku gaya masa wanda za ku ba, da dangantakar da ke tsakaninku, da dalilin kyautar, kafin ku nuna furen da ya burge ku.