Granada: Bi Ruwa Ka Sha Kallo

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali a ƙasar Hausa, ko ya yi karatun shari'a a zaure, ya san littafin nan Tuhfa na Ibnu Asim. Amma ba kowa ya san mai littafin nan alƙalin alƙalai ne na wani birni da ke cikin Turai ba, inda ya rasu cikin shekarar 1426. Birnin kuwa shi ne Granada, wanda Larabawa ke kira Garnaɗa, can kudancin ƙasar Sifen. A nan ne kuma aka haifi Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir cikin littafinsa da aka buga a 1550. Saboda haka Bahaushen da ya sauka garin nan, ko da ya ke baƙo ne, akwai tsohuwar sanayya tsakaninsu.

Garin yana gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda kawunansu ke lulluɓe da ƙanƙara tun daga hunturu har bazara. Mutanensa sun kai wajen 230,000. Musulmi sun shiga Sifen a 711, kuma Granada ce daularsu ta ƙarshe a can. Sarakunan gidan Banu Nasar sun riƙe ta daga 1238 har ran 2 ga Janairu 1492, ranar da Sarki Abu Abdullahi, wanda mutanen ƙasar ke kira Boabdil, ya miƙa wa Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella mabuɗan gari.

Tikiti Tukuna

Kafin mu shiga kallo, ga gargaɗi, domin kada mai karatu ya faɗa ramin da na faɗa. Fadar Alhambra, wadda don ita ne galibin baƙi ke zuwa, ba a shigarta yadda aka ga dama. Fiye da mutum miliyan biyu ke ziyartarta kowace shekara, don haka an ƙayyade yawan masu shiga kowace rana. Tikitin yana ɗauke da sunanka, sai ka nuna fasfo a ƙofa, kuma an rubuta sa'ar da za ka shiga ɗakunan sarakuna. In ka makara, shi ke nan, kuɗinka ya bi ruwa. Ni na iso ne da tunanin gida, cewa in dai da kuɗi a aljihu ba a rasa hanya. Na hau tudun nan da sassafe na sauko da kunya. Sai da na ƙara kwana biyu a garin kafin na samu gurbi. Wanda ke da niyyar zuwa, ya sayi nasa ta intanet makonni kafin ya taso, tun ba in da bazara ko da kaka zai je ba.

Amma kowane jinkiri da alherinsa. Kwana biyun nan su suka sa na taka garin da ƙafa, na kuma gane abin da mai gaggawa ba ya ganewa, watau cewa duk abin da aka gina a Granada, ruwa aka fara kawowa sa'an nan aka aza tubali.

Jar Fada

Sunan Alhambra daga Larabci ya ke, Alhamra'u, watau ja, saboda launin ƙasar da aka yi ganuwarta da ita. Daga nesa ba ka ganin kome sai katanga da hasumiyoyi marasa ado, kamar dai tsohuwar ganuwa tamu. Babbar ƙofar, wadda Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1348, ba ta miƙe ba. Sai ka karya dama, ka karya hagu, kafin ka fita fili. Wanda ya saba da zauren gidan sarauta ba zai yi mamaki ba. Dabara ce ta tsaro, kuma na waje ba ya hango na ciki.

Tudun da fadar ta ke a kai ba shi da ruwa nasa. To, yaya aka yi? Magina suka bi kogin Darro sama, wajen kilomita shida, har suka kai inda kogin ya fi tudun tsawo. Nan suka yi madatsa, suka haƙa magudana tana bin gefen dutse sannu a hankali, ta ratsa lambun sarki, ta haye wata gada, ta shiga cikin ganuwa. Ba inji, ba famfo, gangara kawai. Wannan aiki shi ne ya mai da busasshen tudu gari mai fada da masallaci da gidajen wanka. Na daɗe tsaye bakin magudanar nan ina tunanin garuruwanmu da ke gaɓar kogi amma mata na kwana a layin rijiya.

A cikin ɗakunan sarakuna, wuri na farko da zai tsai da kai shi ne tsakar gidan Comares. Wani dogon tafki ne, tsawonsa mita 34, ruwan kwance lif kamar madubi, hasumiya mai tsawon mita 45 tana kallon kanta a ciki. An yi bakin magudanar ne yadda ruwa zai shiga ba tare da ya motsa fuskar tafkin ba. Cikin hasumiyar nan ne ɗakin da sarki ke karɓar jakadu. Ɗaga kai ka ga rufin: guntayen katako fiye da 8,000 aka harhaɗa, aka jera su hawa hawa don kwatanta sammai bakwai, a ƙarƙashinsu kuma an zana Suratul Mulki. Jakadan da ya shigo daga hasken rana, idonsa bai saba da duhu ba, sarki na ganinsa sarai, shi kuwa inuwa kawai ya ke gani. Ko'ina ka juya a bangon nan za ka ga kirarin gidan sarautar, cewa babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi ba iyaka.

Daga nan sai tsakar gidan Zakoki, aikin Sarki Muhammadu na Biyar, wanda ya rasu a 1391. Zakoki goma sha biyu ne na farin dutse suna ɗauke da wani babban kwano, ruwa na fita daga bakin kowanne, magudana huɗu kuma sun haɗa tsakiyar da ɗakunan da ke kewaye. Ginshiƙai 124 ne, sirara, har ka ce iska za ta ture su. Gaskiya zakokin kansu ba su yi kama da zaki sosai ba, wani yaro da ke kusa da ni ma kyanwa ya kira su. Amma rufin ɗakunan nan, mai kama da saƙar zuma, ba ni da bakin kwatanta shi. Abin mamaki kuwa, yawancin adon nan na farar ƙasa ne da katako da fentaccen tangaran, kayan da ba su da tsada. Hannu ne ya yi tsada. An rubuta waƙoƙin Ibnu Zamrak, wazirin sarki, a jikin bango da bakin kwanon zakokin. Mai ɗan ilmin Larabci ya fi kowane Bature morar wurin nan, don shi bango magana ya ke yi masa.

Akwai wani gini na dabam cikin ganuwar, fadar da Sarki Charles na Biyar ya sa aka fara a 1527. Waje murabba'i, ciki zagaye. Masana gini suna yabonta ƙwarai, amma a idona ta yi nauyi a wurin, kamar a kawo raƙumi cikin garken barewa. Duk da haka a shiga, don a nan ne gidan ajiye kayan tarihin Alhambra ya ke.

Kada gajiya ta hana ka hawa Generalife, gidan hutun sarakuna da lambunansa. Akwai wata matakala a can wadda ruwa ke gudu cikin madafar hannunta dama da hagu, kana hawa kana tsoma hannu. Da rani, sa'ad da zafin garin kan kusa kai awo 40, za ka san darajar wannan.

Tsohuwar Unguwa

Tsallaken kogin Darro, a kan wani tudun, ga unguwar Albaicin. Lunguna ne matsattsu, masu duwatsu a ƙasa, suna hawa suna sauka, gidaje farare fat. Kada a zo da takalmi mai santsi. A nan ma ruwa za ka bi. Har yanzu akwai tsofaffin rumbunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa fiye da ashirin, masu baki kamar ɗan ƙaramin ɗaki na jan bulo, mutanen gari na kiransu aljibe, daga kalmar Larabci aljubbu. Da yawansu kusa da coci su ke, dalili kuwa shi ne cocin nan masallaci ne a da. A cocin San Jose, hasumiyar da ƙararrawa ke ciki ita ce ainihin ta ladan. A bakin kogi kuma akwai El Bañuelo, tsohon gidan wanka na wajen ƙarni na 11, rufinsa da ƙofofin haske masu siffar taurari.

Hukumar UNESCO ta sa Alhambra cikin wuraren tarihi na duniya a 1984, ta ƙara Albaicin a 1994. Wannan ya kawo kuɗi, ya kuma kawo damuwa. Mazauna unguwar suna kuka cewa ana mai da gidaje masaukin baƙi, haya na tashi, 'yan asali na ƙaura. Ka tuna bayan kowace ƙofa da ka ke ɗaukar hotonta akwai mai barci ko marar lafiya.

Cikin Gari

Tsakiyar gari ana gama ta cikin rabin yini, amma a nan ne tarihin ya fi ɗaci. Ga Madarasar da Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, yanzu tana hannun Jami'ar Granada, ɗakin sallarta da mihrabinsa na nan. Daura da ita ga ɗakin ibadar da aka binne Ferdinand da Isabella, inda za ka leƙa ƙasa ka ga akwatunansu na darma, ka ga kambin sarauniya da takobin sarki. Yarjejeniyar da aka yi a 1491 ta yi wa Musulmin gari alkawarin za a bar su da addininsu da alƙalansu. Ba a cika shekara goma ba aka warware. A dandalin Bib-Rambla, watau Ƙofar Rairayi, inda yau ake shan gahawa ana sayar da furanni, nan ne Cisneros, babban limamin coci, ya sa aka ƙone tarin littattafan Larabci. An kori Yahudawa tun 1492, jikokin Musulmi kuma aka kwashe su daga Sifen tsakanin 1609 da 1614.

Wurin da ya fi taɓa ni a nan shi ne Corral del Carbon. Zango ne na fatake tun ƙarni na 14: ƙofa guda, tsakar gida mai kwamin ruwa a tsakiya, kaya da dabbobi a ƙasa, masu kaya su kwana a sama. Da madugun Kano na zamanin da zai farka a nan, ba sai an nuna masa inda zai sauke ba. Kusa da shi ga Alcaiceria, tsohuwar kasuwar siliki. Wadda ake gani yau sabuwa ce, ta asali ta ƙone a 1843. Tsaraba ta gaske ita ce akwatin katako mai dashen ado, da tangaran mai zanen rumman, don kalmar granada a harshen ƙasar rumman ta ke nufi. Waɗansu kayan kuwa daga waje aka kawo su, a duba da kyau. In wata mace ta miƙo maka ganye a bakin babbar coci, ka ce na gode ka wuce, in ka karɓa za ta kama tafinka ta yi duba, sa'an nan ta nemi kuɗi.

Batun abinci, al'adar garin ce in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, ana kiransa tapa. Sai dai a tambaya kafin a kai baki, don naman alade na shiga abinci da yawa. Mai neman halal ya nufi titin Caldereria Nueva, inda 'yan Maroko ke da gidajen shayi da na abinci. A kuma sani mutanen nan ba su cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara ko goma, kantuna da yawa kuma kan rufe bayan azahar sai la'asar.

Da dare mai son kiɗa ya hau Sacromonte, unguwar Gitano, waɗanda suka fafe gidajensu cikin dutse. A cikin kogunan nan ake yin zambra, irin rawar flamenco ta garin: garaya irin tasu, tafi, da dukan ƙasa da diddige, mawaƙi kuma na jan murya kamar mai begen wanda ya tafi. Waɗansu wuraren don baƙi kawai aka shirya su, gara a tambayi mai masauki. Wanda ya zo cikin Yuni ko Yuli zai tarar da bikin kiɗa da raye-raye da ake yi tun 1952, wani sashinsa ma cikin Alhambra.

Yammacin ƙarshe na koma Albaicin, dandalin San Nicolas, inda jama'a ke taruwa don ganin rana ta faɗa kan jar ganuwa, duwatsu masu ƙanƙara a bayanta. Wurin ya cika maƙil, ga masu garaya, ga masu talla, kowa ya ɗaga waya sama. Sai na zame na shiga ƙofar da ke gefe, lambun Masallacin Granada, wanda aka buɗe a 2003, bayan garin ya yi shekara wajen ɗari biyar ba a gina masallaci a cikinsa ba. Kallon ɗaya ne da na dandali, amma nan mutane kaɗan ne, har ana jin ƙarar ruwan da ke zuba a tsakiyar lambun. Ladan ya hau hasumiya ya kira magariba da muryarsa, ba lasifika. Waɗanda muka yi sahu da su, akwai 'yan Maroko, da 'yan Senegal masu sayar da kaya a bakin titi, da Turawan ƙasar.