Kafin Ki Shafa, Tambayi: Me Ke Cikin Robar Nan?

Waɗanda ƙarancin data bai bar su sun saurari shirin wannan makon ba, ga shi na zauna na buga muku shi a rubuce kamar yadda muka saba. Yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a kai ƙarshe, musamman 'yan mata da masu ƙanne mata a gida.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Bara aka yi bikin wata ƙanwata a Dabawa, ɗiyar gwaggona ce. Saura wata biyu biki aka kawo mata robobi uku na gyaran jiki. Ba suna a jiki, ba lamba, ba rubutun komai. Mai haɗin ta ce oganik ne zalla, karas ne da kurkum da madara. Cikin sati biyu yarinya ta yi haske, kowa na yabawa, har da ni mai wannan surutun. Wata huɗu bayan biki ta kira ni a waya tana kuka. "Yaya, in na shafa ƙuraje, in na bari fuskar kamar an watsa mini barkono." Da na je na gan ta, jijiyoyi sun fito kore-kore a kumatunta, nankarwa ta tsaga mata damatsa da cinyoyi, alhali ko ciki ba ta taɓa yi ba. Muka tafi asibiti a Katsina. Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce: me ke cikin man? Mu uku muka je, babu wanda ya sani.

Wannan tambayar ce shirinmu na yau. Mu dai abin da muke tambaya kullum shi ne, yana aiki? Kwana nawa zai ɗauka? Nawa ne? Ba ma tambayar me aka zuba. Zan ɗauki abubuwa uku da kusan kowane gida ya sani, da maganar da muke faɗa a kansu wadda ba haka take ba.

Na farko: "Ai ba bilicin ba ne, fito da kalata kawai yake yi."

Wannan magana na ji ta a Dutsin-Ma, na ji ta a Kurfi, na ji ta a bakin 'yan jami'a. To bari mu duba yadda fata take. A cikin fatarmu akwai wani sinadari da ake kira melanin, shi ke ba ta launi, kuma shi ne laimar da ke tare zafin hasken rana kada ya lalata ta. Yawansa gado ne daga iyaye. Babu wata farar fata da ke ɓoye a ƙarƙashin baƙa tana jiran a wanko ta. Kalarki ita ce wadda kike gani a cinyarki ko cikinki, inda rana ba ta bugu. Duk man da ya kai ki gaba da nan, hana jiki yin melanin yake yi. Karas da kurkum kuwa ba sa yin haka cikin sati biyu.

Abubuwa uku aka fi samu a irin waɗannan mayuka. Akwai haidrokwinon, wanda likitocin fata ke bayarwa don tabo, a ɗan wuri, na ɗan lokaci. Idan aka shekara ana lafta shi, sai ya juya ya haifar da wasu baƙaƙen tabo masu kauri a kumatu da goshi da wuya, waɗanda ke da wuyar magani ƙwarai. Kun san fuskar da ake cewa ta ƙone? To ita ce. Akwai sitiroid, irin su clobetasol, wanda asalinsa maganin cututtukan fata ne masu tsanani. Shi ne ke sa haske da sauri, kuma shi ne ke sa fata ta yi siriri har jijiya ta bayyana, ta tsage, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ciwo ya ƙi warkewa. Ku tuna wannan yarinyar wata rana za ta iya buƙatar tiyata wajen haihuwa, a ɗinke fatar da ba ta da ƙwari. In kuma ana shafe jiki duka da shi wata da watanni, yana ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da suga.

Na ukun ya fi su muni, wato makuri. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, yana fita ta nono. Ko wanda bai shafa ba zai iya ɗauka ta tawul da zanin gado. Wannan gubar ce ta nakasa mutanen garin Minamata a ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, shi ya sa ma yarjejeniyar duniya ta yaƙi da makuri take ɗauke da sunan garin.

Kuma matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wani bayaninta na 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Kalmar oganik kuwa, kowa na iya faɗinta a TikTok, ba ta da mai gadi. Roba mara suna ba ta da wanda za ki kama in ta cuce ki.

Na biyu: "Kwalli gyaran ido ne, tun kaka da kakanni."

Nan ne na san za a yi mini ca, don ko a gida ban sha da daɗi ba. Da na ga kakarmu tana ranbaɗa wa jaririn yayata kwalli tun kafin suna, na ce, "Iya, da an bar mashi idon nan haka." Ta dube ni ta ce, "Ku 'yan boko kun fara. Da shi na raini uwarku, makancewa ta yi?" Gaskiyarta, ba wanda ya makance. Ai ba a ido matsalar take ba.

Kwallin dutse, mai nauyin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka, an gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya, aka ga dalma ta yi yawa. Aka bincika gidan ba a samu komai ba, sai a kwallin da aka kai musu daga gida Najeriya ana sa mashi. Da aka auna, kashi 82.6 cikin ɗari na garin dalma ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2012, ta ambaci sunayensa har da na Hausa, tozali da kwalli.

Yaya yake shiga jiki? Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki. Hawaye kuma yana gangarawa ta wata 'yar kafa daga ido zuwa hanci zuwa maƙogwaro. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin zuƙar dalma nesa ba kusa ba, ita kuma ƙwaƙwalwa take nufa a lokacin da take girma. Ba a ganin illar ranar. Sai an sa shi makaranta a ga karatu na ba shi wuya, ba ya riƙe abu, a ce daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa.

Mu 'yan wannan yanki ba baƙin jin gubar dalma ba ne. Maƙwabtanmu Zamfara, a 2010, yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A fahimce ni, ba kwalli ne ya kashe su ba, ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yawanta ya wuce na kwalli sosai. Amma gubar ɗaya ce. Wancan ambaliya ce, wannan ɗigo ne kullum.

Wani zai ce ai kwalli sunna ne. Ban zo yin fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake cewa shi ne, sunan da mai talla ya kira kayansa da shi ba ya sauya abin da ke ciki, kuma ido ba ya iya bambance mai dalma da marar ita. Babba in yana so, ya nemi wanda aka rubuta abin da ke cikinsa kuma yake da rajista. Jariri kuwa ba ya buƙatar komai a ido. In idonsa na ruwa ko kwantsa ko ya kumbura, asibiti za a kai shi ranar, ba kwalli ba, ba kuma ɗiga nono ba.

Na uku: "Maganin ƙiba ne kawai, ƙara lafiya yake."

Sha ka fashe. Sunan kansa ya isa gargaɗi, amma muna dariya mu wuce. Yarinya siririya ana mata gori, ana cewa gidanku ba abinci, ko wa zai aure ki a haka. Sai ƙawa ta raka ta kemis. Ƙwayoyin da aka fi haɗawa biyu ne. Ɗaya cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan dexamethasone, shi ma sitiroid ne, magani mai ƙarfi da likitoci ke ceton rai da shi in an ba da shi a inda ya dace.

Abin da yake yi wa mai lafiya ba ƙiba ba ce ta ƙoshi. Ruwa yake tarawa a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa kuma su rame. Shi ya sa za ku ga fuska ta yi zagaye kamar faranti. A ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, al'ada na rikicewa, garkuwar jiki na faɗuwa, gyambon ciki na iya tashi.

Ga wani abu da nake so kowa ya riƙe, ko da shi kaɗai kuka ɗauka a shirin nan. Wadda ta yi makonni tana shan wannan ƙwaya, kada ta tsaya rana ɗaya. Jikinmu na yin irin wannan sinadari da kansa a wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda. In an daɗe ana kawo shi daga waje, sai su yi kwance su daina aiki. In aka yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita har ya kai ga rasa rai. Rage shi ake yi a hankali, likita na lura. Haka ma man da ke da sitiroid, shi ya sa fuskar ƙanwata ke zafi duk sanda ta bari. Ba wai fatarta ta saba da mai kyau ba ne, kamar yadda mai haɗin ta faɗa mata. Kamu ne.

To me za mu yi? Ga abin da nake gani. Duk abin da ba a rubuta me ke cikinsa ba, kada ya hau jikinki, ko wace ce ta haɗa. Duba lambar NAFDAC, amma ki sani ana buga ta jabu, don haka karanta jerin sinadaran ma. In kin ga clobetasol ko betamethasone, wannan magani ne, ba man shafawa ba. In kin riga kin fara, kada kunya ta hana ki. Ɗauki robar ki tafi da ita babban asibiti, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi. Kada a shafa wa yara komai don su yi haske. Don laushin fata a wannan hunturun namu, man kaɗanya da man kwakwa da basilin sun wadatar.

Samari, ku ma ku matso, ba ku fita ba. Wasunku na shafawa a ɓoye, mun ga gaɓoɓin yatsu. Sauran kuma ku ne masu cewa fara ko mayya ce. Ku ne kasuwar. Iyaye mata masu haɗa lefe da masu kai amarya gyaran jiki, ku ma a riƙa tambaya kafin a biya.

Ƙanwata yanzu wata bakwai ke nan tana bin abin da likita ya tsara. Ƙurajen sun kwanta, kalarta ta dawo, har ta ɗan fi da duhu a wasu wurare. Nankarwar kam an ce mata za ta dushe amma ba za ta ɓace ba. Ita ta ce in ba da labarin, in dai ban faɗi sunanta ba. Iya kuma har yau ba ta yarda da ni ba, amma ta mayar da tandun kwallin cikin adaka, ta ce sai yaron ya yi wayo a sake magana. Na karɓi wannan.

A tura wa ƙawa, a karanta wa wadda ba ta iya karatu ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.