Steven Spurrier: Baturen da ya karya kambun Faransa a kasuwar giyar inabi

Kafin shekarar 1976, kusan babu mai jayayya cewa giyar inabin Faransa ce kan gaba a duniya. Wanda ya rushe wannan imani shi ne Steven Spurrier, ɗan kasuwa kuma marubuci ɗan Birtaniya, wanda aka haifa a 1941.

Spurrier ya fara sana'ar a Landan a 1964. Daga baya ya koma Paris, inda ya sayi wani ƙaramin shago, sannan a 1973 ya kafa makarantar koyar da ɗanɗano mai suna L'Académie du Vin.

A ranar 24 ga Mayu, 1976, ya shirya gasa tsakanin giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya ta Amurka. Alƙalai tara, dukkansu Faransawa, suka ɗanɗana ba tare da sanin sunan kamfani ko ƙasar da kowane kofi ya fito ba.

Sakamakon ya girgiza kowa. Chateau Montelena ta zo ta ɗaya a rukunin farar giya, Stag's Leap Wine Cellars kuma a rukunin ja, dukkansu daga kwarin Napa na Kalifoniya. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a maido mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma rahotonsa ne ya yaɗa labarin.

Gasar ta nuna cewa wani kaso na darajar kaya suna ne, ba inganci ba. Da aka ɓoye sunan, ƙwararru suka fifita abin da a da suke rainawa. Wannan ya ƙarfafa gwiwar manoman inabi a ƙasashe irin su Ostareliya da Chile da Afirka ta Kudu.

Spurrier ya koma Ingila a 1988, ya daɗe yana sharhi a mujallar Decanter, ya kuma wallafa littattafai, ciki har da tarihin rayuwarsa a 2018.

A 2009, shi da matarsa suka dasa inabi a gonarsu ta Bride Valley da ke Dorset. Mutumin da ya shekara yana auna aikin wasu ya miƙa nasa domin a auna. Ya rasu a watan Maris na 2021.