Wane Tanderu Za Ka Gina a Gidanka?

Kowa ya san murhu, kowa ya san tanda ta suyar waina. Tanderu dabam ne. Shi ɗaki ne ƙarami na wuta wanda ake gasa gurasa ko burodi ko nama a cikinsa. Murhun duwatsu uku, in bai yi maka ba, sai ka ɗauke duwatsun ka sāke musu wuri. Amma tanderu gina shi ake yi, wani ma a jikin bangon madafa. In an gina shi ya zauna ke nan, ba ya ɗaukuwa sai an rushe. Saboda haka tun kafin ka kira magini, ya kamata ka san irin wanda zai yi maka amfani.

Akwai iri uku waɗanda mutumin ƙauye zai iya ginawa.

Tanderun gurasa

Wannan shi ne na gargajiya, wanda matan birnin Kano suke gasa gurasa da shi, musamman a unguwar Jakara. Babbar tukunya ce ta yumɓu kamar randa. Akan kafa ta bakinta yana kallon sama, a kewaye ta da gini. Sai a hura wuta a cikinta da kara ko itace har jikinta ya yi zafi. In harshen wuta ya kwanta, sai a liƙa kwaɓin gurasa a jikin tukunyar daga ciki. Cikin 'yan mintoci ta gasu, a ɓamɓare, a liƙa wata.

Wannan ba shi da tsada, kuma karan da ka kwaso daga gona ya ishe shi. Amma ba ya gasa burodin gwangwani, don ba shi da wurin ajiye gwangwani. Kuma mai gashi hannunta take zurawa cikin zafi, sai wadda ta koya. Bakinsa a buɗe yake, watau dole a yi masa murfi saboda yara.

Ginannen tanderu na burodi

Wannan da tubali ko jan bulo ake gina shi, a yi masa rufi kamar na ɗakin soro, da 'yar ƙofa a gaba. A cikinsa ake hura wuta. Itace ya ci har ya zama garwashi, sa'an nan a kwashe garwashin da toka, a share, a jera gwangwanayen burodi, a rufe ƙofa. Zafin da bango ya sha shi ne yake gasa burodin. Bango mai kauri ya fi daɗewa da zafi.

In kana so ka san ko ya isa a sa burodi, watsa ɗan gari a ƙasansa. In garin ya baƙe nan da nan, zafi ya yi yawa, a dakata. In ya yi ja a hankali, to, ya yi daidai.

Aibinsa shi ne cin itace. Itacen da zai ci kafin ya yi zafi duk ɗaya ne, ko burodi biyu za ka gasa ko hamsin. Saboda haka mai sana'a shi ya dace da shi, ko kuwa gidaje huɗu ko biyar su haɗu su gina guda, su riƙa gashi rana ɗaya. Wanda ya gina shi don gashin iyalinsa kaɗai, kuɗin itace zai sa ya bar shi, ya koma wurin kwanan kaji.

Tanderun duro

Wannan duron ƙarfe ne, irin mai cin lita 200. Akan kwantar da shi, a yi masa ƙofa a baki ɗaya, a sa masa kanta a ciki. Sai a kewaye shi da gini, a bar 'yar rata tsakanin duron da ginin. A ƙarƙashinsa ake hura wuta. Zafi da hayaƙi su bi ta ratar nan su zagaye duron, su fita ta bututu a sama. Toka ba ta taɓa abinci, kuma yana yin zafi da wuri da itace kaɗan. In zafi ya ragu, sai a ƙara ice ana cikin gashi.

Aibinsa, ƙarfe ba ya riƙe zafi kamar ƙasa, kuma wuta da tsatsa suna cinye shi, wata rana sai an sāke duro. Ga kuma gargaɗi babba. Kada ka yi amfani da duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko maganin feshi a ciki, ko da an wanke shi. Duron fetur kuma kada a kai masa wuta ko a yanka shi, gama tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa ya kashe mutum. Nemi wanda aka zubo man girki a ciki, ka ƙone fentinsa a fili tukuna.

Na birni fa?

A manyan gidajen birni akwai na lantarki da na gas da ake sakawa a jikin bango. Suna da tsabta, ba hayaƙi. Amma na lantarki yakan ja wuta wat 2,000 ko fiye, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Na gas kuwa sai inda ake samun cikon tukunya kusa. In garinku babu waɗannan, kada ka sayar da ɗan bijiminka saboda abin da zai zama ado kawai.

Kafin ka gina

Da fari ka shawarci uwargida, gama ita za ta tsaya gaban wutar. Ku tambayi kanku: me za mu gasa? Sau nawa a mako? Kara muke da shi ko itace muke saye? In gurasa ce, ga kara, na farko. In sana'ar burodi ce, na biyu. In gashin gida ne jefi-jefi, na duro.

Na biyu, ka duba inda hayaƙi zai bi. Hayaƙin madafa ba hawaye kaɗai yake sawa ba, yana ɓata huhu, yana kawo wa jarirai ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 suka mutu a duniya saboda hayaƙin cikin gida. Saboda haka ko dai ka gina shi a rumfa mai iska, ko ka yi masa bututu ya huda sama, ka kuma buɗe taga.

Na uku, ka nisanta shi da zana da jinka da rumbu. Tartsatsi ɗaya cikin hunturu ya isa ya cinye hatsin shekara. Kada ƙofarsa ta dubi gabas, don daga can hadari yake tasowa. Ka ɗaga gindinsa sama da ƙasa saboda laima.

Na huɗu, ka yi gini da rani. A cuɗa ƙasa da yashi da ƙaiƙayi don kada ta tsage. In an gama a bar shi ya bushe sarai. Wutar farko ƙarama za a hura, gobe a ƙara, jibi a ƙara. Wanda ya zuba wa ɗanyen gini babbar wuta, shi ya fasa abinsa da kansa.

In akwai mai tanderu a garinku ko a kasuwar da kuke ci, je ka zauna wurinsa ranar gashi. Ka ƙirga itacen da ya sa, ka ƙirga abin da ya fitar, ka rubuta a takardarka. Sa'an nan ka kira magini.