Abinci Mai Maiƙo da Madarar Akuya

'Yan'uwa manoma, abin da akuya ta ci shi ne muke tatsa. Da rani, in ciyawa ta bushe, madara takan ragu, yara kuma su rasa. Abincin da ke da mai a cikinsa yana taimako ƙwarai, muddin mun san gwargwado.

Ba sai mun sayi man kwalba ba. Man yana nan cikin amfanin gonarmu. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ne, ƙuli-ƙuli ma akwai sauran mai a jikinsa. Anguryar auduga da waken soya kuwa suna da mai wajen kashi 20 cikin 100.

Masu bincike a Faransa sun gwada man shuke-shuke a abincin awaki, suka ga maiƙon madara ya ƙaru. A nan akuya ta bambanta da saniya, wadda irin wannan mai yakan rage maiƙon madararta. Irin maiƙon ma yakan sāke, ya zama mai laushi, wanda likitoci suka fi so domin lafiyar zuciya.

Amma a yi hankali. Cikin tumbin akuya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa da harawa. In mai ya wuce kashi 6 cikin 100 na busasshen abincinta, sai ya hana su aiki. Akuya ta rage cin abinci, madarar da muke nema kuma ta ja baya.

Saboda haka jar akuyarmu mai shayarwa, gram 100 zuwa 150 na angurya ya ishe ta a rana. A gauraya da dusa, a raba safe da yamma, a fara da kaɗan har ta saba. Kada a rage mata harawa da ruwa mai tsabta.

Abu biyu kuma mu kiyaye. Kada a ba 'yan awakin da ba su fara tuƙa ba angurya, gama akwai dafi a ciki da zai iya kashe su. Gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa a zubar da shi, domin gubarsa tana bi ta madara har cikin yaranmu, tafasawa ma ba ta kashe ta.

Ƙungiyoyinmu su haɗa kuɗi su sayi angurya tun da kaka, lokacin da take da araha, a ajiye a busasshen wuri. Allah ya sa wa kiwonmu albarka.