Mutum 16 a Bayan Dutsen Cowboy

Ranar Lahadi 19 ga Fabrairun 2012, wajen tsakar rana, mutum 16 suka fice daga iyakar filin wasan zamiyar ƙanƙara na Stevens Pass, a jihar Washington ta Amurka. Suka haura dutsen Cowboy, suka nufi gangaren bayansa da ake kira Tunnel Creek, inda ba mai gadi, ba kuma mai gyara ƙanƙara. Ba 'yan koyo ba ne. Cikinsu akwai Jim Jack, babban alƙalin gasar zamiya ta duniya, da Chris Rudolph, jami'in filin wasan kansa, da Elyse Saugstad, wadda zamiya ce sana'arta.

Masifar ta riga su zuwa da makonni. A farkon watan an yi darare masu tsananin sanyi, sama tas ba gajimare, sai raɓa ta daskare a bisa tsohuwar ƙanƙara, ta zama siraran ƙwayoyi tsaye, marasa ƙarfi. Daga baya sabuwar dusar ƙanƙara ta zubo, ta kusa mita 1 cikin 'yan kwanaki, ta binne su. Daga sama abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa kamar katangar laka ce da aka ɗora a kan ƙaiƙayi. Masu hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara sun yi gargaɗi a safiyar ranar.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, wasu cikin ayarin sun faɗa daga baya cewa jikinsu ya ba su, amma suka ja bakinsu suka yi shiru. Kowa na ganin ai ga gwanaye, wa ya isa ya ce a koma?

Suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya sai dusar ta tsage daga sama, ta taho da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, tana karya itatuwa. Saugstad ta ja igiyar jakar iska da ke bayanta, jakar ta kumbura. Ƙanƙarar ta yi ta wujijjiga ta har gangaren mita 800, ta tsaya, ta daskare a jikinta, fuska da hannuwa kaɗai a waje. Ko motsi ba ta iya yi sai da abokan tafiya suka haƙo ta.

Da na'urorin neman wanda ya binnu suka gano sauran da dusar ta kwashe. Jim Jack, Chris Rudolph da wani ɗan ayarin mai suna Johnny Brenan duk sun riga sun cika.